Dogarin da aka yi wa laima

Zane nake koyarwa a wata sakandare a Bauchi, kuma na daɗe ina cika wa ɗalibai baki cewa kallo ɗaya nake yi wa hoton mutum in faɗi matsayinsa. Wata gingimari ce ta kwance min zani a kasuwa, kasuwar ma ta Muda Lawal.

Ana sauke mata albasa muka iske ta, ni da ɗalibaina biyu. A bayanta an zana mutum tsaye da rawani, ga ƙatuwar laima bisa kansa. Ban yi wata-wata ba na ce sarki ne, laima ai ta sarki ce.

Wani dattijo mai goro ya yi murmushi. "Malama, sake duba rigar dai."

Ja da kore. Rawanin ma ja ne, ba shi da kunnuwan nan biyu na jinin sarauta, baki a buɗe babu amawali, ga bulala a hannun dama. Dogari ne sak, irin masu buɗe hanya ranar hawan sallah. Duk yaron da ya tashi a ƙofar fada ya san haka. Ni abin da ya fi girma a zanen na bi, ya rufe min ido. Tun ranar nake sa yara su fara da launin tufafi, su sauko kan abin da ke hannu, kafin su buɗe baki.

Don in kare kaina, sai na ce mai fentin ne bai san aikinsa ba. Nan ma na yi kuskure, kuma wannan ya fi min ciwo. Yanzu in na ga abu ya saɓa wa al'ada a zane, mai shi nake nema tukuna.

Direban ya sauko yana goge hannu, ya ce mahaifinsa ne marigayi. "Rayuwarsa duk a rana ya yi ta, Malama, yana bin laimar nan a ƙasa, bai taɓa shiga inuwarta ba. Ni na ce a sa masa."

Ɗalibata ce ta lura babu mai riƙe da laimar, a iska take tsaye. Ta tambaye shi, "Baba, an manta ne?"

Ya ce mai fentin ma ya tambaya, shi ya ce a bar wurin haka. Mai riƙon yana gaba, yana tuƙi.