Tazargade da maganin da na saya yau

Yau a kemis, ina karɓar maganin zazzaɓin cizon sauro na ɗiyata, mai shagon ya ce mini asalin sinadarinsa daga ganyen tazargade yake, wanda masu maganin gargajiya na Sin suka daɗe suna ba mai zazzaɓi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin Tu Youyou, masaniyar haɗa magunguna 'yar ƙasar Sin wadda ta samu kyautar Nobel a 2015, ta gano hanyar fitar da sinadarin daga ganyen ne a rubutun Ge Hong, wani masanin magani na Sin na ƙarni na 4, inda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, daga nan ta fahimci cewa tafasawa ce ke lalata ƙarfinsa.

Masu tallar ganyayyaki kullum suna yabon sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, amma atemisinin, wato wannan sinadari na tazargade, akasin haka yake aiki: idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayar cutar, sai ya saki guba ya kashe ta. Ina girmama ilimin magabata ƙwarai, sai dai ɗiyata ƙwayar da aka auna zan ci gaba da ba ta, ba jiƙo ba.