Wasiƙa daga Hambug: Idan kwamfuta ta daina ganin sitomita

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan ɗakunan gwaji na Kumasi, da gaisuwa ga mutanen Aboabo da Asawase. Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonninku: an kunna fulo sitomita, wato na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin jini da hasken leza, an buɗe manhaja, kwamfuta ta ce ba ta ga na'ura ba, ga jinin gwajin CD4, wato na ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki, a jere yana jira. Zan yi magana a kan wannan, in ɗan taɓo toshewar bututu, da sanyin Jamus da kuke ta tambaya.

Da farko a san ta inda suke haɗe. Na'urorin kamfanin BD masu aiki da manhajar FACSDiva, irin su FACSCanto II, wayar Ethernet ce ke haɗa su da kwamfuta. Accuri C6 da CytoFLEX kuwa USB ne.

Idan Ethernet ce, ka leƙa bayan kwamfutar. Inda wayar ta shiga akwai 'yar fitila. In ba ta ci, ko wayar ta mutu, ko ƙurar hunturu ta cika ramin, ko an mayar da ita ramin da ba nata ba bayan shara. Yawancin waɗannan kwamfutoci rami biyu gare su, ɗaya na sitomita, ɗaya na intanet ɗin asibiti, kuma kamarsu ɗaya. In fitila na ci, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Katin Ethernet na kwamfutar da ke magana da na'urar tsayayyen adireshin IP gare shi, wato lambar da ake gane shi da ita, wanda injiniya ya saka ranar da aka girka ta. In ka ga lamba mai farawa da 169.254, to wani ya mayar da katin kan neman adireshi da kansa, ya nema bai samu ba. A mayar da lambar asali, a gwada ta da ping, umarnin da ke nuna ko na'urar na amsawa, sannan a duba ko fayawol, wato katangar tsaron kwamfuta, ko sabon antibayiros ne ya tare hanya. Masu USB kuma, a cire duk wani mahaɗi na tsakiya, a soka wayar kai tsaye, a hana Windows kashe ramin da sunan tattalin wuta.

Abin da ke ba ni mamaki a ɗakunan gwaji na nan Jamus shi ne takarda. Kowace waya da lakabinta a wuya. Lambar IP na manne a jikin kwamfutar. Ba mai sabunta Windows sai an cike fom, shugaban sashe ya sa hannu, an tabbatar sigar manhajar za ta ɗauka. Babu mai soka filashi ko cajin waya a jikinta. Akwai littafi a gefe: wa ya kunna, ƙarfe nawa, wane saƙo ya fito, harafi da harafi. Abin da gajiya, wallahi, amma saboda shi ne injiniya ke gano matsala ta wayar tarho kafin ya taso. A wurinsu kwamfutar nan gaɓa ce ta na'urar. Mu kuwa a gida, ita ce ta buga takarda, ita ce ta duba imel, shi ya sa ranar da ta ƙi ba wanda ya san abin da aka canza. Littafin rubutu da abin manna lakabi ba su fi ƙarfin kowane ɗakin gwaji a Gana ba.

Sai dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. In wuta ta ɗauke ta dawo, tsakanin na'ura da kwamfuta ɗaya kan tashi ya bar ɗaya a baya, haɗin ya yanke. Kada a yi ta danna maɓalli. A rufe manhajar, a kashe duka biyun, a ɗan dakata, a kunna bisa jerin da littafin na'urar ya faɗa, a ba leza minti 30 ta yi zafi kafin a sa samfuri. Kuma UPS ɗin, wato batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, ya ɗauki na'ura da kwamfuta tare.

Toshewar bututu sai wata wasiƙar, amma ku lura: in manhaja ta nuna an haɗu, ƙwayoyi ne kawai ba sa fitowa a allo, ku bar waya, ku duba iska a cikin bututu da ruwan da ke tanki. Sanyi kuwa yana nan. A gaida su Alhaji da Hajiya.