Ramukan dara da lissafin da ke ninka kansa

Jiya bayan la'asar ina zaune gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a ƙauye can wajen Ringim sai ga ƙanwata ƴar SS2 da littafinta, wai an basu aikin gida, wata dala ce ta lambobi, 1 a sama, ƙasanta 1 1, sai 1 2 1, sai 1 3 3 1, kowace lamba jimillar biyun da ke kanta ce. An ce su haɗa kowane layi, ta samu 1, 2, 4, 8, 16 tana ta murna ta gama. Nace to Auta me yasa kullum yake ninkawa? Tace Yaya haka malam yace kawai.

Wallahi wannan amsar ce take ƙona min rai, yaro ya haddace abu bai san daga ina ya fito ba.

Sai na share ƙasa na tona ramuka irin na dara guda huɗu, muka zuba tsakuwa 1, 3, 3, 1, takwas kenan. A ƙasansu na tona biyar. Nace kowane rami na sama adadin tsakuwarsa za ki ɗebo ki zuba a ramin da ke ƙasansa ta hagu, ki sake ɗebo irinsa ki zuba a na dama, har ɗayan nan na gefe kar ki tsallake shi. Ta tsuguna tana zubawa hijabinta duk ya kwashi ƙura, 1, 4, 6, 4, 1 suka fito, bata ma ƙirga ba ta ɗago kai tace ai Yaya kowanne sau biyu yake sauka, dole takwas ta koma sha shida! Daɗin da naji ba ya misaltuwa.

A makaranta sunan Pascal ake kiran wannan dalar da shi, Bafaranshen da yayi rubutu a kanta a 1654, amma tun wajen shekara ta 1000 masanin lissafi al-Karaji ya santa a Bagadaza, mutanen Iran kuma har yau da sunan Umar Khayyam suke kiranta, a ƙasar Sin kuma da sunan Yang Hui. Da na gaya mata sai da ta sa na maimaita sunayen ta rubuta a bayan littafi.

Tace mu sauka har layin da ya fara da 1, 10, nace fara daga 1 ki yi ta ninkawa har sau goma tukunna ki gani. Ta ƙirga da yatsu ta kai 1024, ta dubi ƴar tsakuwar da ke gabanmu tana dariya, Inna kuma ta ƙwala mata kira awaki sun shiga rumfar girki.