Mafici da hankici kawai

Yau wata abokiyar karatuna ta ja ni unguwar Asakusa a Tokyo kallon rakugo, wato wasan ba da labarin barkwanci na gargajiyar Japan, na tafi ina fargabar ba abin da zan gane don Japanancina har yanzu kaɗan ne. Mutum ɗaya ne fa a durƙushe kan matashi cikin kimono, ba ya tashi, ba komai a hannunsa sai mafici da ɗan hankici. Kafin ya fara sai ya yi wa irinmu sabbin zuwa bayani a hankali, ya ce in ya juya fuska dama wani ne ke magana, in ya juya hagu wani ne daban. Wallahi daga nan komai ya buɗe min. Can ya mayar da naɗaɗɗen maficin tsinken cin abinci, ya ɗaga kwanon da babu shi, ya hura, ya zuƙi taliyar soba fuuut da ƙara, har yawuna sai da ya tsinke.

Sai Kaka ta faɗo min a rai, yadda take sauya murya daga ta Gizo zuwa ta Ƙoƙi tana zaune kan tabarma. Rabin maganar mai rakugon ta wuce ni, amma in sha Allahu zan koma mako mai zuwa.