Yaron da ba ya zama wuri ɗaya a aji

Ba kowane mai ƙiriniya ke da ADHD ba, wato larurar rashin tattara hankali da yawan motsi. Likita ba ya tabbatar da ita sai alamomin sun kai wata shida, sun faro kafin shekara 12, kuma ana ganin su a wuri biyu aƙalla, kamar gida da boko, ko boko da Islamiyya. Kafin nan ma a gwada jin yaron da ganinsa, a tambayi barcinsa da karin kumallonsa. Akwai wata farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi zuru na daƙiƙa goma, malam ya ɗauka ba ya saurare ne. Haka yarinyar da ke zaune shiru hankalinta ya tafi, ita ma tana iya samun ADHD: ita ba ta damun kowa, shi ya sa ake wuce ta, a ce daƙiƙiya ce.

A ajin mai yara tamanin ba wanda zai ware masa malami, amma bencin gaba kyauta ne. A zaunar da shi kusa da allo, nesa da taga da ƙofa, gefen ɗalibi mai natsuwa. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kira sunansa tukuna, ya maimaita abin da aka ce. Lissafi ashirin a raba su biyar-biyar, a duba kowane kashi kafin ya ci gaba. Tun da jikinsa zai motsa ko an so ko an ƙi, a ba motsin amfani: goge allo, raba littattafai, ɗauko alli daga ofis.

Abin da ya fi aiki, kuma aka fi lalatawa, shi ne katin rana. A rubuta buri biyu ko uku da za a iya ƙirgawa: ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, ya gama rabin aikin aji. “Ya zama yaron kirki” ba buri ba ne, don ba a auna shi. Bayan kowane darasi malam ya sa alama, da yamma iyaye su ba da ɗan tukuici a ranar. Alkawarin keke a ƙarshen zango ba ya tasiri, domin matsalar tasa ita ce jiran abin da ke nesa. Idan kwana uku a jere bai ci ba, burin ne ya yi tsauri, a sassauta. Bulala da tsallen kwaɗo kan sa ya yi tsit na minti goma, sannan a koma gidan jiya. Hana shi fita tara kuwa ya fi muni, an toshe inda zai sauke kuzarin.

Magani sai daga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. Maganin ADHD da ake kira methylphenidate, mai gajeren zango, yana aiki awa uku zuwa huɗu, don haka wanda ya sha ƙarfe bakwai zai iya birkicewa kafin a tashi, malam ya san da wannan. Yana rage cin abinci, yana hana barci in an sha da yamma, shi ya sa ake bibiyar nauyi da tsawo da bugun jini. Ƙasa da shekara shida kuwa, horar da iyaye ake fara yi kafin a kai ga ƙwaya.