Noman wake a ƙasar Mars ta kwaikwayo: inda aka kwana a mako na huɗu

'Yan'uwa masu shirin shiga gasar Plant Mars, ga inda aiki ya kai. Ga sababbin shiga, cibiyar Institute of Competition Sciences ta Amurka ce ke shirya gasar, kuma ɗaliban jami'a na cikin masu fafatawa. Makonni takwas ake bayarwa a noma abin ci a ƙasar da aka haɗa ta yi kama da ta duniyar Mars, da sharaɗin ta zama aƙalla rabin abin da ke cikin tukunya. Wadda ke hannunmu ita ce MGS-1, da Jami'ar Central Florida ta haɗa bisa awon da na'urar bincike Curiosity ta yi wa ƙasar ramin Gale da ke Mars.

Rukuni huɗu muka kasa, tukwane biyar-biyar, kowace da giram 500: MGS-1 zalla, sai mai kashi 30 cikin 100 na ruɓaɓɓen taki tankaɗaɗɗe, sai rabi da rabi, sai ƙasar lambu don kwatantawa. Ƙwayar wake uku a zurfin santimita 2, in sun tsiro a rage a bar mai ƙarfi. Fitila awa 16 a rana. A sa takunkumi wajen juye ƙasar, ƙurarta ba ta da daɗi a huhu.

Matsalar farko ba ta taki ba ce. Garin ƙasar ya yi laushi da yawa, in aka kwarara masa ruwa ya bushe sai saman ya ƙanƙare kamar daɓe, tsiro ya lanƙwashe a ƙarƙashi ya mutu bai ga haske ba. Maganinsa a zuba ruwan a faranti, tukunya ta sha ta ƙasa, sannan a riƙa ɗora ta a sikeli kullum ana mayar da iya abin da ya ragu. Ido yana yaudara a nan: sama a bushe ƙayau, ciki kuwa caɓi, saiwa na ruɓewa.

Ta biyu ita ce kanwa. A jiƙa giram 10 na ƙasar a mililita 25 na tataccen ruwa, a motsa, a jira rabin awa, a auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa. MGS-1 kan kai wajen 9, wake kuwa 6 zuwa 7 yake so. A haka sinadarin ƙarfe da fosfaras suna nan amma saiwa ba ta iya jan su. Alamar a sabon ganye take: ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa su tsaya kore shar. Wanda ya ga haka ya ƙara takin zamani, gishiri kawai ya ƙara wa kansa. Farar wuta tana sauke pH, sai dai tana jiran bakteriya su narkar da ita, makonni takwas ba lallai su isa ba. Ruɓaɓɓen taki ya fi saurin nuna aiki, shi ya sa rukunin rabi da rabi ke gaba, na zalla kuwa ya tsumbure.

A shafe iri da garin rizobiyom kafin shuka, domin ƙasar ba ta da bakteriyar da wake ke haɗa kai da ita ya samu naitirojin daga iska. A tanadi tukwanen da ba sa cikin lissafi don tumɓukewa. In an fasa ƙululun jikin saiwa aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. Fari ko kore, babu.

Abu biyu kada a ɓoye a rahoto. Na'urar Phoenix ta gano gishirin fakulorait a ƙasar Mars a 2008, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, mai hana jiki amfani da aidin har ya kai ga maƙoƙo, kuma MGS-1 ba ta ɗauke da shi. Wanki yana fitar da shi, amma da ruwan ina? Sannan takin nan da ya ceci tukwane, a can babu shi sai an ɗauko daga nan ko an yi shi da ragowar shuka da bayan gidan mazauna. Saboda haka rukunin kashi 30 muka fi sa wa ido.

Ranar girbi za a yanke kowace shuka daga gindi, a busar a digiri 65 na ma'aunin Celsius har nauyi ya daina sauka, a auna busasshen. Tsawo kaɗai ba hujja ba ne, shukar da haske bai ishe ta ba ma miƙewa take yi.