Hakeem da azumin 1995

Ɗazu ƙanena ya miƙo min waya, "Yaya, kalli wannan." Tsohon bidiyon ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ne na 1995, shi da abokin karawarsa David Robinson a gindin kwando. Ya yi kamar zai jefa, Robinson ya daka tsalle a banza, shi kuwa ya murɗa jiki ya zura ƙwallo hankali kwance. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yaron Legas da ya faro da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ga shi ya ciyo wa ƙungiyar Houston Rockets kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995.

Kuma a Fabrairun 1995, da azumin Ramadan a bakinsa, aka zaɓe shi gwarzon wata. Anya mun san darajar bawan Allahn nan kuwa?